Yadda ake sakin sabuwar waƙa guda da yadda ake gane ko ta yi kasuwa

Waƙa guda da aka saka ita kaɗai, ba a cikin kundi ba, ita ce yanzu abin da mawaƙi ke gwada kasuwa da shi. Kuɗin yin ta bai kai na kundi ba, kuma hankalin masu sauraro yana taruwa wuri ɗaya. Sai dai mawaƙanmu da yawa, daga Zoo Road a Kano har Kaduna, Jos, Maraɗi da Yamai, sukan gama waƙa da daddare su tura ta WhatsApp da safe. Ta zagaye gari, a ji ta a adaidaita sahu da shagon aski da gidan biki, amma mai ita bai ga ko sisi ba. Tashe daban, kasuwa daban. Abin da ke haɗa su wuri ɗaya aiki ne na mako 4 zuwa 6 kafin ranar saki, da kuma iya karanta alƙaluma bayanta.

Takarda tun kafin a bar situdiyo

Kowace waƙa haƙƙi biyu ne a cikinta. Akwai haƙƙin ƙirƙira, wato baitoci da karin waƙar, na wanda ya rubuta ya tsara. Akwai kuma haƙƙin sautin da aka naɗa, wanda galibi na wanda ya ɗauki nauyin aikin ne. Kuɗin kowanne ta hanyarsa yake zuwa, don haka sai an san na wane ne wane.

A ranar da aka gama ɗaukar murya, ku zauna kai da makaɗi da duk wanda ya sa baki, ku rubuta a takarda ɗaya: sunan waƙa, kwanan wata, cikakken sunan kowa kamar yadda yake a katin shaidarsa, aikin da ya yi, da kasonsa cikin 100. Kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi. Idan makaɗi ka biya shi kuɗin aikinsa gaba ɗaya ba shi da kaso, a rubuta haka ƙarara. Haka ma 'yar amshi. Mutane kan ji nauyin kawo maganar takarda tsakanin abokai, amma yin ta a lokacin da waƙar ba ta kawo komai ba ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan yin ta bayan kuɗi sun fara shigowa. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta ba ka haƙƙi tun daga lokacin da aka naɗi waƙar, amma miƙa wannan haƙƙi ga wani sai a rubuce yake tabbata.

Kiɗan da aka sauko da shi daga YouTube da sunan kyauta shi ne tarkon da ya fi kama sababbin mawaƙa. Yawancinsu kyauta ne ga wanda ba zai sayar ba. Kana ɗora waƙar a kasuwa, na'urar Content ID ta YouTube za ta gane kiɗan, kuɗin talla ya tafi wa mai shi, ko a sauke waƙar. Ko dai ka sayi lasisi a rubuce ka karanta iyakarsa, ko a buga maka naka kiɗan daga tushe.

Idan a Kano kake aiki, ka san cewa Hukumar Tace Fina-finai ta jihar, wadda aka kafa a 2001, tana sa ido a kan waƙoƙi ma, ba fim kaɗai ba. Ka je ka ji ƙa'idarta kafin ka sa rana, musamman in akwai bidiyo.

Fayil ɗin da za ka fita da shi

Ka ce wa mai haɗa sauti ya ba ka abubuwa huɗu: cikakkiyar waƙar a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a rage masa inganci ba, aƙalla 16-bit da 44.1 kHz, kiɗa zalla ba murya, murya zalla ba kiɗa, da MP3 don rabawa. WAV ɗin yana cin kusan MB 10 a kowane minti, don haka waƙar minti 3 da rabi za ta kai MB 35 ko kusa. In ka ga fayil ɗinka MB 4 ne, MP3 aka ba ka. Mayar da MP3 zuwa WAV kuwa ba ya dawo da abin da ya riga ya zube, nauyi kawai yake ƙarawa.

Maganar ƙara: Spotify yana daidaita ƙarar waƙoƙi zuwa kusan -14 LUFS, wato ma'aunin ƙarar sauti. Wanda ya matse sautinsa don ya fi na kowa ƙara, za a rage masa shi ya dawo daidai da na kowa, ga shi kuma gangar ta riga ta mutu saboda matsi. A bar ƙololuwar sauti a -1 dB don kada ta fashe idan manhajoji suka sauya fayil ɗin.

Sannan ka fita daga situdiyo ka saurara a inda mutane za su saurara. Ka sa ta a lasifikar ƙaramar Tecno ko itel, ka ɗora wayar a kan tebur ka ja baya taku uku. Kana jin kalmomin amshi ɗaya bayan ɗaya? Lasifikar waya ba ta fitar da sauti mai kauri na ƙasa, don haka waƙar da duk armashinta ke cikin bes, wato wannan sauti mai kauri, za ta zama fayau a nan. Ka gwada ta a abin kunne mai araha, ka gwada a babbar lasifika irin ta biki. Gyaran da za a yi, yanzu ne lokacinsa.

Akwai al'adar da muke so a sake dubawa: buɗe waƙa da tambarin situdiyo, sai sunan makaɗi, sai gaisuwar uban gida, sai kiɗa ya yi ta tafiya kafin murya ta shigo. Spotify ba ya ƙirga sauraro sai mutum ya kai daƙiƙa 30. Wanda bai san ka ba, in daƙiƙa 20 ta wuce bai ji abin da zai riƙe shi ba, zai tsallake, kuma ba a ƙirga maka komai ba. Ka shigo da amshi ko wani ɓangarensa cikin daƙiƙa 10 zuwa 15 na farko. Gaisuwa a kai ta ƙarshe.

Hoto da sunaye

Hoton bango murabba'i ne, 3000 da 3000, JPG ko PNG. Abin da ya fi sa a dawo da shi: lambar waya, adireshin intanet, sunan shafinka na sada zumunta, tambarin wata manhaja, hoto mai dishi-dishi, ko rubutun da bai yi daidai da sunan da ka shigar ba. Fastar da za ka sa a Facebook daban, ita ka cika ta da duk abin da kake so. Ka rage hoton bangon ya koma girman farcen babban yatsa ka duba, don haka mafi yawan mutane za su gan shi.

Sunanka na waƙa ka rubuta shi iri ɗaya a ko'ina, harafi da harafi. Kafin ka ɗora, ka nemi sunan a Spotify, Apple Music, Boomplay da Audiomack. In akwai mai irinsa, waƙarka tana iya faɗawa shafinsa, kuma gyaran kan ɗauki kwanaki a daidai makon da ka fi bukatar komai ya tafi daidai. In sunan waƙar yana da ƙ, ɗ ko ɓ, ka tuna da yawa daga masu nema ba su da waɗannan haruffa a wayarsu, sai ka sa rubutun iri biyu a bayanin da ke ƙarƙashin bidiyon YouTube.

Kamfanin dillanci

Audiomack da YouTube kana iya ɗorawa da kanka kyauta. Spotify, Apple Music, da ɗakin sautukan TikTok da Instagram kuwa sai ta hannun kamfanin dillanci, wato kamfanin da ke kai waƙarka manhajoji ya karɓo maka kuɗinta. DistroKid da TuneCore kuɗin shekara suke karɓa. CD Baby sau ɗaya ake biya a kan kowace waƙa, sannan ya riƙa cire kashi 9 cikin 100 na abin da ta kawo. Wanda zai saki waƙoƙi da yawa a shekara, na shekara ya fi masa. Wanda zai saki ɗaya ko biyu, ya yi lissafi da kyau, domin a tsarin kuɗin shekara in katinka ya ƙi biya aka daina sabuntawa, ana iya sauke waƙoƙinka. Kafin ka zaɓa ka tabbatar da abu uku: katin bankinka yana biyan dala, kamfanin yana kai waƙa Boomplay, kuma akwai hanyar da kuɗinka za su iso ƙasar da kake.

Dillalin zai ba waƙar lamba mai suna ISRC, haruffa da lambobi 12, da kuma lambar UPC ta fitowar gaba ɗaya. Ka rubuta ISRC ɗin a inda ba zai ɓata ba. Da ita ake bin sawun kowane sauraro, kuma ranar da ka sauya dillali, in ka ɗora da ISRC ɗin nan da fayil iri ɗaya, adadin sauraronka yana nan. In aka ba ta sabuwa, daga sifiri za ka fara.

Hattara da wanda zai ce zai ɗora maka a asusunsa don ya sauƙaƙa maka. Duk kuɗin can za su shiga, duk alƙaluman shi zai gani. In dole ne, a yi a rubuce. Imel da lambar sirri na asusun dillali, YouTube da Audiomack su kasance naka kai kaɗai.

Sa rana

Tun Yulin 2015 masana'antar waƙa ta duniya ta tsayar da Juma'a a matsayin ranar fitar da sababbin waƙoƙi. Makon ƙirga na Billboard, mujallar Amurka mai fitar da jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe, daga Juma'a yake farawa ya ƙare Alhamis, kuma ranar Juma'a ake sabunta jerin sababbin waƙoƙi a manhajoji. Wanda ya saki waƙa ranar Talata, kwana 3 kacal za a ƙirga masa a makonsa na farko. Waƙar takan bayyana da ƙarfe 12 na daren Alhamis wayewar Juma'a. A wajenmu safiyar Juma'a hankali yana kan masallaci, don haka babban tallanka ka ajiye shi zuwa bayan la'asar da dare, lokacin da mutane suka zauna da wayoyinsu.

Kalandarmu ita ma tana da hukunci. Waƙar soyayya ko ta rawa ba ta da kasuwa a cikin azumi, kuma sakinta a lokacin yana iya jawo maka baƙin jini. Makon Sallah kasuwa ce babba amma cike take da manya. Ƙaramin mawaƙi ya fi cin riba in ya fito mako 2 ko 3 bayan Sallah, lokacin da bukukuwan aure suka kankama kuma masu kiɗan biki ke neman sabon abu.

Ka ɗora wa dillali waƙar mako 4 kafin ranar. Ba don aikin yana cin wata guda ba ne, sai don in an dawo da hoto ko an sami kuskure a suna ka sami sararin gyarawa, kuma don matakin da ke biye.

Makonnin jira

Da zarar waƙar ta bayyana a shafinka na Spotify for Artists, wato shafin da Spotify ya ware wa mawaƙa, a matsayin mai zuwa, ka miƙa ta ga editocinsu masu zaɓar waƙoƙin da ke shiga jerin manhajar. Kyauta ne, waƙa ɗaya ake miƙawa a lokaci guda, kuma dole ta kasance ba ta fito ba tukuna. In ka miƙa aƙalla kwana 7 kafin ranar, za ta shiga Release Radar, jerin sababbin waƙoƙi da Spotify ke haɗa wa masu bin ka, ko da editoci ba su ɗauke ta ba. A gurbin bayani ka faɗi zahiri: harshen waƙar, garinku, kayan kiɗan da ke ciki, in akwai kalangu ko gurmi ka ambata, da shirin tallan da ka yi. Yabon kai ba ya ƙara komai a nan. Ka buɗe Apple Music for Artists, da shafukan mawaƙa na Audiomack da Boomplay. Boomplay na da muhimmanci a wajenmu domin yana zuwa a cikin wayoyin Tecno, Infinix da itel tun daga kwali.

Sai guntun da za a yi bidiyo da shi. Ka zaɓi daƙiƙa 15 zuwa 30 da ke tsayawa da ƙafarsu, wanda amarya za ta iya ɗorawa a hoton kamunta, ko saurayi ya tura wa budurwa. Yawancin dillalai suna ba ka damar zaɓar inda guntun TikTok zai fara, kada ka bar shi a farkon waƙa. Kwana 10 zuwa 14 kafin saki ka fara sakin guntun. Wanda ya fara tun wata biyu kafin, mutane za su gaji ko su yanko shi su yi ta yawo da shi, ranar da cikakkiyar ta fito ta zama tsohuwa.

Cikakkiyar waƙar kada ta fita daga hannun mutum biyu ko uku. Duk wanda ka tura wa don ya ji ya ba ka shawara, ka ɗauka ka tura wa gari. In shawara kake so, ka kunna masa a wayarka.

Gidajen rediyo da masu kiɗan biki a kai musu kwana 2 ko 3 kafin ranar, MP3 mai 320 kbps, da sunanka da sunan waƙa a jikin fayil ɗin, tare da kiɗa zalla don mai gabatarwa ya yi magana a kai. In da kalmar da ba za ta shiga iska ba, ka yi kwafi mai tsabta, domin gidan rediyo ba zai jawo wa kansa fushin NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin a Najeriya, saboda kai ba. Mai bidiyo ya nemi hanyar kai shi Arewa24, inda shirin Zafafa Goma ke jera waƙoƙin da ke tashe.

Masu tura waƙa a waya a bakin kasuwa da shafukan saukewa kyauta za su samu waƙarka ko ka so ko ka ƙi. Ra'ayinmu shi ne ka bar kwana 3 zuwa 7 na farko ga manhajojin da ke ƙirgawa, sannan ka ba su naka kwafin mai kyau, 128 kbps, kusan MB 3, mai ɗauke da sunanka da hotonka. Ba za su biya ka ba, amma su ne ke kai waƙa ƙauyen da data ke da tsada, kuma daga can ake kiran mawaƙi wasan biki.

Ranar saki

Da tsakar dare ka buɗe kowace manhaja ka duba: shafinka ne, sunan daidai ne, sautin shi ne na ƙarshe da aka gyara? Ka haɗa dukkan hanyoyin a mahaɗi guda ka riƙa raba shi. Ka roƙi masoyanka abu takamaimai: su saurara har ƙarshe, su adana ta, su yi bidiyo da sautin asali maimakon su ɗora nasu kwafin. Ka amsa sharhi da kanka a kwana biyun farko.

Kuɗin talla kada ka ƙone su a rana ɗaya. Ka riƙe aƙalla kashi ɗaya cikin uku zuwa mako na biyu da na uku, lokacin da alƙaluma suka nuna maka garin da waƙar ta kama da guntun da ya fi tafiya.

Karanta alƙaluma

Adadin makon farko yawanci 'yan uwa ne da abokai da tsofaffin masoya. Hukuncin gaskiya yana mako na uku da na huɗu: bayan ka rage talla, sauraro ya tsaya a wani mataki ko ya zube ƙasa warwas? Ka raba adadin sauraro da adadin masu sauraro. In kowane mutum sau ɗaya ya ji ya tafi, tallanka ne ya yi aiki, waƙar ba ta riƙe shi ba. In ana komowa sau uku, sau huɗu, ana adanawa, to akwai abin ginawa a kai. A YouTube Studio ka buɗe zanen da ke nuna inda masu kallo ke ficewa. In layin ya faɗi a daƙiƙa 20 na farko, matsalar mabuɗin waƙar ce. In ya yi tudu a wani wuri, mutane na maimaita wurin ne, kuma shi ne guntun da ya kamata ka tallata. Ka duba garuruwa: in Yamai, Kumasi ko Jidda suka fito a sama, can za ka karkata talla, can kuma za ka nemi wasa. Ƙaruwar neman waƙar a Shazam, manhajar da ke gane waƙa daga sautinta, alama ce mai kyau ƙwarai, domin tana nufin baƙo ya ji ta a wani wuri har ya so sanin mai ita.

Kada ka sayi sauraro. Masu cewa ka biya su kawo maka dubu hamsin na'urori suke kunnawa, kuma abin yana bayyana: dubban sauraro daga garin da ba ka da kowa, babu adanawa, babu sabon mabiyi. Tun 2024 Spotify yana cin tarar dillalai a kan irin wannan, su kuma su sauke waƙar ko su rufe asusunka da kuɗin da ke ciki.

A Najeriya jadawalin TurnTable na waƙoƙin da suka fi tashe, wanda ya fara a 2020, yana haɗa sauraron manhajoji da na rediyo. A Amurka, RIAA, ƙungiyar kamfanonin waƙa, tana ba da shaidar zinare a kan kwafi 500,000 da ta platinum a kan miliyan 1, kuma sauraro 150 ne ake ƙirgawa a matsayin kwafi ɗaya. Duk waɗannan ba sa ganin abin da aka tura ta Bluetooth ko katin memori, shi ya sa waƙar Hausa kan cika gari amma ba ta cikin jadawali.

Kada kuma ka yi saurin binne waƙa. Rema ya saki "Calm Down" a Fabrairun 2022. A Agustan shekarar aka sake fitar da ita tare da Selena Gomez, kuma sai a Yunin 2023 ta kai matsayi na 3 a Billboard Hot 100, wata 16 bayan fitowarta ta farko. Abin koyi a nan shi ne tsarin: an ga waƙa tana tafiya da kanta, sai aka ƙara mata muryar da za ta buɗe mata wata kasuwa. A matakinka, wannan na iya zama mawaƙi daga Nijar, ko daga Legas, ko mawaƙiyar da mata ke bi. Sabon zubin sabuwar ISRC zai samu, da sabuwar takardar kaso. Waƙar da alƙalumanta suka mutu tun mako na uku kuwa, baƙuwar murya ba za ta tashe ta ba, gara kuɗin su tafi ga ta gaba.

Inda kuɗin suke

Babu tsayayyen farashin sauraro ɗaya. Spotify yana tara kuɗin da ya samu a kowace ƙasa ya raba gwargwadon kason kowa a sauraron ƙasar, don haka sauraro daga Ingila ya fi na Najeriya kawo kuɗi, saboda kuɗin rajistar wata a can ya fi yawa. Tun Afrilun 2024 kuma, waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 cikin wata 12 ba, ba a biyan ta kuɗin sautin da aka naɗa. Rahoton kuɗi yakan makara wata 2 zuwa 3, don haka abin da aka saurara a Janairu sai wajen Maris ko Afrilu za ka gan shi. Dillalan Amurka za su sa ka cike takardar haraji ta W-8BEN, kuma da yake babu yarjejeniyar haraji tsakanin Najeriya da Amurka, ana iya cire kashi 30 cikin 100 na kuɗin da suka fito daga can.

YouTube ne ya fi kusa da aljihun mawaƙin Hausa. Kafin a fara raba maka kuɗin talla sai tasharka ta kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Awa 4,000 minti 240,000 ne, wato in waƙarka minti 3 ce, sai an kalle ta daga farko har ƙarshe sau 80,000. Shi ya sa ba a raba waƙoƙi a tashoshin mutane daban-daban. Ka tara su a taka. Bayan an karɓe ka, kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan dogon bidiyo naka ne, kuma ana biya idan sun kai dala 100. In kiɗan naka ne gaba ɗaya, ka sa dillali ya shigar da waƙar Content ID don kwafin da wasu suka ɗora su ma su riƙa kawo maka kuɗi, amma ka ce a cire taka tashar daga kamun.

Haƙƙin ƙirƙira dillali ba ya karɓo maka shi kai tsaye. Wannan sai ka yi rajista da ƙungiyar karɓar haƙƙi, MCSN a Najeriya ko BNDA a Nijar, ka shigar da waƙar da sunayen marubuta da kasonsu kamar yadda yake a takardar da kuka sa wa hannu.

Bayan wata 3 ka zauna da littafi. A gefe ɗaya abin da ka kashe: situdiyo, hoto, dillali, bidiyo, talla. A ɗaya gefen abin da ya shigo daga manhajoji, YouTube, waƙar kiran waya ta kamfanonin sadarwa, da wasannin biki da taro da aka kira ka saboda wannan waƙar, da kuma ƙarin da aka samu a farashin wasanka. Ka cire kason makaɗi da sauran masu haƙƙi ka tura musu tare da hoton rahoton dillali. Abin da ya rage, da garuruwan da suka fi saurare, su za su gaya maka nawa za ka kashe a waƙa ta gaba da inda za ka fara tallata ta.